Haruffan da Suka Ɓata a Bata

Shagon Malam Hambali mai buga rubutu yana wani lungu a bayan Bata, cikin birnin Kano, a matse tsakanin mai ɗinkin labule da mai sayar da cajar waya. Irin shagon nan ne da in mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya yi sallama daga waje. Babu komai a ciki sai tebur, kwamfuta, firinta, fanka mai kuka, da shi kansa Malam Hambali, dogo siriri, da hularsa zanna da ba ya rabuwa da ita. In wani ya nemi kwatance a waya, amsarsa ɗaya ce: a Bata yake, ba a ɓata ba, kuma bambancin ƙugiya ce guda a kan harafi. Ya shekara da shekaru yana wannan raha, kuma har yau shi kaɗai yake yi mata dariya.

Ƙugiyar nan ita ce abin alfaharinsa. Masu buga rubutu sun cika gari, amma yawancinsu sai su rubuta maka baki a inda kake nufin baƙi, su mai da ƙarya karya, su miƙo maka takarda ko kunya babu. Malam Hambali ba ya haka. Ko takardar hayar shago ce, sai kowace ƙa da ɗa da ɓa ta fito da lanƙwasarta. Yana da wani tsohon zubin haruffa, abin da masu aikin ke kira font, wanda wani maɗabi'i ya zuba masa tun kwamfutarsa ta farko. Duk sanda ya sake na'ura, da hannunsa yake ɗauko shi ya saka. A cikin wannan zubi, haruffa masu ƙugiya suna ɓoye ne a ƙarƙashin madannan baka, wato alamomin nan da ake killace magana a tsakaninsu, da ke gefen dama na kibod. Ka danna baka, sai ƙa ta fito.

Mahaifinsa mutumin Borno ne da jirgin ƙasa ya kawo Kano, ya kama aikin awon kaya a tasha, ya yi gida a Rijiyar Lemo bai ƙara komawa ba. Shi ya ga ɗan nasa ba shi da ƙirar dako kuma ba shi da bakin ciniki, sai ya kai shi Sabon Gari wajen wata Madam Agnes mai makarantar koyon tafireta. Matar nan ba ta da wasa. Kwali take kifawa a kan hannun ɗalibi don kada ya ga madannai, ta tsaya a bayansa tana karanto masa jarida, in ya leƙa ƙarƙashin kwalin ya sha rula. Hambali ya tsane ta tsana mai tsanani a lokacin. Daga baya ya sha faɗa cewa bayan iyayensa babu wanda ya yi masa gata irin nata, domin ita ta mayar masa da idanu kan yatsu.

Bai san ranar da zai buƙaci hakan da gaske tana zuwa ba. Ganinsa ya fara tafiya ta gefe-gefe, a hankali, yadda bai ankara ba sai da ya fara karo da bakin ƙofa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ba shi maganin ɗigawa, ya kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa abin da ya tafi ba ya dawowa. Ɗan abin da ya rage a tsakiya shi ma ya dushe, har ya zama yana ganin mutum amma ba ya ganin fuskarsa, yana ganin takarda da baƙaƙen layuka amma ba ya raba harafi da harafi. Matarsa Yagana kaɗai ta sani. Ya roƙe ta ta riƙe, ta riƙe, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Dalilinsa a fili yake: wa zai kai wa makaho aikin rubutu?

Kuma ya iya ɓoyewa, wannan kam a ba shi. Da murya yake gane mutane, tun kafin su gama sallama ya ambaci sunansu. In an kawo masa rubutun hannu sai ya ce rubutun mutanen yanzu kamar tafiyar kaza yake, a karanto masa kawai. Kwamfutar kuwa ya san ta kamar ɗakin kwanansa. Ya san koren ɗigon da ke ƙasa ta hagu shi ne inda saƙonni ke shigowa, shuɗin da ke kusa da shi nan ake rubutu, sauran kuma yatsunsa sun haddace.

Babban aikinsa, wanda shi ke riƙe da shagon da gidan, na Hajiya Kamila ne. Tana da shagon atamfa a Kantin Kwari, tana kuma rubuta littattafan labari da mata ke rububinsu. A gaskiya ba rubutawa take yi ba, faɗa take yi. Ciniki bai bar mata lokacin riƙe biro ba, don haka in ta sami sarari sai ta ɗauki waya ta zubo babi guda da baki, ta turo masa. Shi kuma ya buɗe saƙon a kwamfuta, ya sa iyafis a kunne, yatsunsa su bi muryarta. Wani lokaci yana jin tana katse labari ta ce wa mai saye wannan turmin ba ya raguwa, ya tsallake wurin ya ci gaba. In ya gama ya buga a takarda ya kai mata. Ba ta cika samun gyara ba, kuma tana yabonsa a gaban mutane cewa a duk Kano shi kaɗai ne bai taɓa cinye mata ƙugiya ba. Aiki ne da Allah ya yanka masa daidai wuyansa: kunne da yatsu, babu ruwan ido.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen daminar shekarar 2025, kwamfutar ta fara wata sabuwar ɗabi'a. In ya kunna ta sai wani shuɗin shafi ya rufe fuskarta gaba ɗaya, ya danna nan ya danna can, kafin ya samu ya kore shi gumi ya jiƙa masa riga. Da abin ya ishe shi sai ya kira Ugochukwu.

Ugochukwu mai gyaran kwamfuta ne a Sabon Gari. A nan aka haife shi, a nan ya yi furfura, yana jin Hausa kamar jakin Kano, har karin magana yake jefa wa Malam Hambali in suna musu. Shi ke duba masa na'ura tun tana ta farko, kuma abota ce ta gaske a tsakaninsu, irin wadda ake aika wa juna naman Sallah da shinkafar Kirsimeti. Da ya zo, Malam Hambali ya ce ya manto tabarau a gida, ya karanta masa abin da shafin ke cewa.

Ugochukwu ya karanta ya yi tsaki. Ya ce sanarwa ce: manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, Windos ta goma, masu ita za su daina turo mata kariya daga watan Oktoba. Malam Hambali ya tambaya ko mutuwa za ta yi.

"Ba za ta mutu ba, Malam. Gida ne maigadi ya ajiye aiki. Gidan yana nan, ƙofa tana nan, amma duk ɓarayin unguwa sun ji labari."

Sai ya jero masa hanyoyin da ake da su, yana yi yana kallon silin, don ya san babu mai daɗi a ciki. Sabuwar Windos da ta gaji wannan ba za ta hau na'urar ba, na'urar ta tsufa. Sayen wata kuwa, da ya faɗi abin da ake sayar da ko ta hannu ce a kasuwa, Malam Hambali dariya kawai ya yi. Akwai ɗan ƙarin wa'adi da ake iya nema, amma wannan jinkiri ne, baɗi war haka suna nan inda suke. Ana iya cire mata intanet a bar ta tana aiki ita kaɗai, sai dai ta ina saƙon Hajiya zai shigo? Saura hanya ɗaya, a goge ta a zuba mata wata manhaja ta kyauta mai suna Linuks, wadda ke tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori kuma ana ci gaba da kula da ita. In duk bai so ba, to 'yan gwangwan suna nan suna saye a kilo.

Malam Hambali ya ce zai yi shawara. Shawarar kuwa da Yagana ya yi ta, ita kuma ta bi shi da addu'a. Gaba kura ce, baya sayaki. In ya bar na'urar yadda take, wata rana a wayi gari an shigo an kwashe ko an lalata littafin Hajiya da suka yi nisa a cikinsa. In ya yarda aka canja, komai zai tashi daga inda yatsunsa suka san shi, kuma sabon wuri da ido ake koyonsa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko a ranar da likita ya yi masa bayani.

Oktoba ta zo ta wuce bai yi komai ba, yana ta korar shuɗin shafi. Sai labari ya zo cewa wani mai ɗaukar hoto a Sabon Gari ya buɗe wani saƙo, nan take aka kulle masa duk hotunan bikin mutane, har yau bai same su ba. Ko tsufan manhaja ne ya jawo ko gangancinsa, babu wanda ya tabbatar, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi da yake danna abu bai ga abin da yake dannawa ba, ai ya fi kowa zama a bakin rami. Ya kira Ugochukwu ya ce a zuba Linuks ɗin, da sharaɗi guda: kowane abu ya zauna a inda yake, kore a ƙasa ta hagu, shuɗi a kusa da shi. Ugochukwu ya yi masa tsiya cewa sabo turken wawa, ya ɗauki na'urar ya tafi da ita.

Aiki ya yi na tsakani da Allah. Ya kwashe duk rubuce-rubucen ya adana, ya goge na'urar, ya zuba sabuwar manhaja, ya mayar da komai, ya jera alamomi a wuraren da aka ce, har launinsu ya daidaita. Abu ɗaya ya bari a baya, wato tsohon font ɗin nan. Ba sakaci ba ne. Ugochukwu da kunne ya koyi Hausa, a layi da kasuwa da filin ƙwallo. Bakinsa yana raba ƙa da ka sarai, amma bai taɓa zama ya rubuta ta ba sai a saƙon waya, inda babu mai sa ƙugiya. Bai san akwai wani abu a cikin na'urar da ke mayar da baka ta zama harafi ba. Shi kuma Malam Hambali, da fargabar inda kore da shuɗi za su koma ta cika masa kai, bai tuna ya faɗa ba.

Na'ura ta dawo tana gudu kamar sabuwa. Malam Hambali ya lalubi kore ya same shi, ya lalubi shuɗi ya same shi. Da ya sa iyafis ya ji muryar Hajiya Kamila ta fito tas, sai da ya yi hamdala a fili. Ya buga babin nan cikin jin daɗi, ya fitar a firinta, ya ɗaga takardun kusa da fuska ya ga layuka baƙi-baƙi a jere yadda ya saba gani. Ya sa su a ambulan ya nufi Kwari bayan la'asar, yana bin gefen da ƙafarsa ta sani.

Ya tarar da shagon da mutane, mata biyu suna zaɓen atamfar anko, ga maƙwabcinta ɗan kasuwa yana zaune a bakin ƙofa. Hajiya Kamila ta karɓa da fara'a, ta zaro takardun. Ya ji tana juya shafi da sauri, ta koma baya, ta sake juyawa.

"Malam Hambali, ka kuwa duba wannan kafin ka kawo?"

"Layi-layi na bi shi, Hajiya, kamar kullum."

Da ya ce bai duba ba, da magana ta ƙare a nan, a ce na'ura ce ta yi shirme. Amma amsar da ya saba bayarwa ce, ta fito da kanta. Hajiya ta miƙo masa shafin farko ta ce ya karanta mata layin sama. Ya karɓa, ya riƙe shi yadda mai karatu ke riƙewa, ya karanto daga ka, don abin da ya shiga kunnensa ba ya fita: "Ta buɗe ƙofar ɗakin a hankali, ƙirjinta yana bugawa." Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Abin da ke kan takardar kuwa shi ne: Ta bu]e }ofar ]akin a hankali, }irjinta yana bugawa. Haka shafin yake tun daga sama har ƙasa, haka duk babin, baka ta ko'ina kamar an watsa ƙaya. Ko ɗan aji ɗaya ya kalla zai ce wani abu ya lalace.

Ɗaya daga cikin matan ta leƙo ta kalli takardar ta kalli fuskarsa, ta yi salati ƙasa-ƙasa. A nan ya gane, tun kafin a gaya masa mene ne. Hajiya ta karɓi shafin daga hannunsa a hankali, ta tambaye shi tun yaushe ba ya gani. Ya gaya mata. Ta ce Allah ya sa kaffara ne, ta ce a samo masa adaidaita. Ya ce a bari, ya san hanya. Kunya ce ta rako shi har shago, ba ta takardar ba, ta karatun da ya yi a gaban mutane.

Da Ugochukwu ya ji, a guje ya zo. Ya kalli rubutun ya dafe kai, ya ce garin neman gira ya jawo an rasa ido, sai kuma ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya rasa inda zai sa kansa. Malam Hambali ne ma ya ba shi haƙuri. Ugochukwu ya rufe shagonsa ya bi tsofaffin maɗaba'u na Fagge ɗaya bayan ɗaya, har ya samo font ɗin a wata na'ura da aka jingine. Ya zuba, duk bakan nan suka koma haruffansu, tsofaffin littattafai da sabon babi duka suka warke. Ashe gyaran bai fi shan shayi ba. Ya ƙara da wata manhaja mai karanta wa mutum abin da ke kan fuskar kwamfuta, wai ko za ta zame masa ido. Da suka gwada ta a kan rubutun Hajiya, sai ta riƙa karanto Hausa kamar Baturen da ya sauka jiya, babu abin da ake ganewa. Suka yi dariya su biyu, dariyar da ba ta kai ciki ba, aka kashe ta.

Na'ura ta gyaru, amma Kwari ba ta riƙe magana. Kafin mako ya zagayo, daga Bata har bakin tasha an san Malam Hambali ba ya gani. Babu wanda ya yi masa dariya, da ma an yi da ya fi masa sauƙi. Tausayi aka yi ta kawo masa. Mai labule ya fara riƙe masa hannu a bakin kwata da ya shekara yana tsallakewa shi kaɗai. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa ɗaga murya kamar kunnen ne ya tafi. Masu katin biki da takardar haya sukan tsaya su yi masa sannu, su yi addu'a mai tsawo, sannan su wuce shagon gaba da takardarsu a naɗe a hannu. Yana jin ƙarar takardar. Ba ya ganin laifinsu, kuma wannan ne abin da ya fi ci masa rai: mutanen nan shekara nawa yana yi musu aiki a haka ba su taɓa samun kuskure ba, amma da shi ne a matsayinsu, shi ma wucewa zai yi.

Ya aika wa Hajiya Kamila gyararren babin, ta amsa da godiya, ta ce ya fito tsaf. Babi na gaba bai zo ba. Ya ji a bakin mutane cewa maɗaba'a ta matsa mata, ta ba wata mai shago a Sabon Gari ta ƙarasa. Yagana ta ce ya kira ta ya yi mata bayani, ai yatsun ba su makance ba. Ya ce bayanin me, ita da ta gani da idonta. Ta ce to ya zauna a gida ya huta, ya ce in ya zauna a gida ya zama me.

Don haka kullum yana fitowa. Ya buɗe shago, ya kunna fanka, ya kunna na'urar da yanzu babu ɓarawon da zai iya shiga cikinta, ya sa iyafis ya zauna. Ugochukwu yakan biyo da rana ya duba ko akwai abin da ke damunta, alhali ya san babu.

Wata Laraba da hantsi na'urar ta yi ƙarar shigowar saƙo. Ya lalubi kore ya danna, sai ga muryar Hajiya Kamila, da hayaniyar Kwari a bayanta kamar yadda ya saba ji. Murna ta kama shi. Ya gyara zama, ya ɗora yatsu, ta fara magana suka bi ta.

"Assalamu alaikum, Malam Hambali. Ya jiki, ya ƙarfin hali? Wallahi kana raina, abubuwa ne suka yi yawa. Na sa an yi maka addu'a a islamiyyarmu. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba da ladan haƙuri. A gaida Yagana."

Saƙon ya tsaya. Ya jira ko akwai ci gaba, babu. Sai a lokacin ya lura ya buga shi duka, tun daga sallama har gaisuwar Yagana, kowace ƙa da ƙugiyarta. Ya bar hannunsa a kan kibod ɗin, bai goge ba, bai kuma san wa zai kai wa ba. Daga waje mai labule ya leƙo, ya ɗaga murya ya tambaye shi ko a rufe masa fanka, tunda ba aiki yake yi ba.